Kwas ɗin koyon tsara mata na kwana uku: me ke cikin buhun dala dubu biyu?

A manyan birane irin su Los Angeles, New York, Landan da Sydney akwai wata sana'a da ta haura shekara ashirin tana ci. Namiji zai biya kuɗi a koya masa yadda zai tare macen da bai taɓa gani ba, ya ja ta da zance, ya karɓi lambar wayarta, in hali ya yi ya ƙare da ita a ɗaki. Masu sana'ar suna kiran kansu PUA a taƙaice, ma'ana gwanayen tsara mata. Suna sayar da littattafai da bidiyo da darussan intanet, amma babbar hajarsu ita ce sansanin horo na ƙarshen mako, daga Juma'a zuwa Lahadi. Ita za mu baje a faifai.

Gara a faɗi hukuncin tun da wuri. Kaya iri biyu aka cakuɗa a buhu ɗaya. Akwai ɗan abu mai amfani, wanda ba ya bukatar wannan kuɗin. Sai kuma tarin abin da ake tallar kwas ɗin dominsa, wanda ko dai ba ya aiki, ko kuwa yana aiki ta hanyar da kan kai mutum gaban alƙali.

Asalin abin ba shi da nisa. Wajen ƙarshen shekarun 1980 wani Ba'amurke, Ross Jeffries, ya fara koya wa maza cewa akwai jerin kalmomi da in aka furta su da wata irin murya za su motsa sha'awar mace ba tare da ta ankara ba. Ya aro dabarar daga NLP, wani tsarin sauya tunani da ɗabi'a ta hanyar kalmomi da Richard Bandler da John Grinder suka ƙirƙiro a California a shekarun 1970, wanda gwaje-gwajen masana halayyar ɗan Adam ba su gaskata manyan iƙirarinsa ba. Daga baya Erik von Markovik, ɗan Kanada mai wasan rufa-ido da aka fi sani da Mystery, ya zo da abin da ya canza kasuwar: maimakon lacca kawai, sai ya riƙa kwasar ɗalibai zuwa gidan rawa yana nuna musu a aikace. Neil Strauss, marubuci a jaridar New York Times, ya biya dala 500 ya shiga irin wannan horo, ya yi kimanin shekara biyu a cikinsu, ya fitar da littafin The Game a 2005. Tashar talabijin ta VH1 ta yi wa Mystery shiri a 2007 da 2008. Daga nan farashi ya yi tashin gwauron zabi. Manyan kamfanoni irin su Real Social Dynamics, na Owen Cook da Nick Kho, da kuma Love Systems, sun riƙa karɓar tsakanin dala 1,500 zuwa 3,000 a kan kwana ukun. Kuɗin jirgi da otal da abin sha duk a aljihun ɗalibi suke.

Jadawalin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Juma'a da yamma a haɗu a ɗakin taro na otal ko wani gidan haya, a yi awa huɗu zuwa biyar ana bayani. Wajen ƙarfe goma na dare a fita abin da suke kira fage, wato mashaya ko gidan rawa, har biyu ko uku na dare. Asabar a maimaita, wani lokaci a ƙara da zagayen rana a titunan kasuwa. Lahadi ranar bita ce: kowa ya faɗi inda ya yi tuntuɓe, malami ya ba shi aikin gida, sannan a shigo da tallar kwas na gaba. In aka cire lacca da bita, lokacin da ake yi a fage bai wuce awa takwas zuwa goma ba. Talla takan yi alkawarin malami ɗaya ga ɗalibi biyu ko uku. To raba awa takwas gida uku, ka cire lokacin bin layi a ƙofa da na neman juna a cikin cunkoso da hayaniyar kiɗa, za ka ga idon malami bai fi awa biyu a kanka kai kaɗai ba. A farashin dala 2,000, kowace awa ta tashi dubu ke nan.

Abin da ake karantarwa a laccar galibi jikan tsarin Mystery ne. Ya kasa hulɗa gida uku, jan hankali, sabo, sannan kwanciya, kowanne da mataki uku, tara ke nan. Ya kuma ce daga haɗuwa zuwa gado ana bukatar awa huɗu zuwa goma, matsakaici bakwai. Ba a kafa wannan lissafi a kan komai ba sai abin da shi da abokansa suka ce sun gani. Sunayen da suke amfani da su ma sun isa su nuna yadda ake kallon abin: matar da ake so ita ce abin hari, ƙawayenta shinge ne, abokinka kuma ɗan rakiya ne da aikinsa shi ne ɗauke hankalin shingen. Mata ana ba su maki daga ɗaya zuwa goma kamar kaya a sikeli.

Matakan suna farawa da ƙa'idar daƙiƙa uku: da ka hango ta, ka nufe ta kafin ka ƙirga uku, kada tsoro ya samu wurin zama. Sai mabuɗin zance da aka haddace, yawanci neman ra'ayi a kan wani abu maras nauyi, kamar tsakanin maza da mata wa ya fi ƙarya. Ana haɗa shi da ƙaryar sauri, wato ka ce minti ɗaya kawai gare ka, abokanka na jira, don kada a ji ka zo ka tare. Bayan haka sai abin da suke kira neg, yabo mai ƙaya a ciki, irin ka ce farcenta ya yi kyau sannan ka tambaya ko na kanti ne. Sai labarin ɗaga kai da aka shirya tun a gida, wanda zai nuna a fakaice cewa mata na rububinka kuma kai jagora ne a cikin abokanka. Wasu suna ƙarawa da adon ɗawisu, wata babbar hula ko tarin zobba ko baƙin fenti a farce, don a samu abin tankawa. Ana cikin haka ɗalibi yana ƙirga alamun sha'awa: ta taɓa gashinta, ta tambayi sunanka, ta yi dariya. In sun kai uku, wai hanya ta buɗe, sai a fara taɓa hannu, kafaɗa, baya, a janye ta daga ƙawayenta, a sauya wuri.

Ga yadda abin yake kasancewa da ƙarfe goma sha ɗaya na daren farko. Ɗalibi na tsaye kusa da kanta, kofi a hannu ya manne shi a ƙirji, tafin hannunsa ya jiƙe. Malami ya karɓe kofin ya ajiye, ya sa baki a kunnensa saboda ƙarar kiɗa: "Ga su can su uku, mai jar riga. Tafi yanzu." Ya ɗan tura shi ta baya. Ɗalibin ya isa, ya saki mabuɗin da ya haddace da murya ƙasa-ƙasa, ba wadda ta ji. Ɗaya ta ce "Me?" Ya maimaita, wannan karon da sauri. Suka amsa masa da kalma biyu, suka kalli juna. Layi na biyu ya ɓace masa ɓat. Daƙiƙa arba'in, ya dawo. Malamin ba ya barinsa ya huce: ɗaga murya, daina sunkuyawa, ga wasu can, tafi. Kafin a tashi zai yi haka sau goma ko goma sha biyar.

Nan ne ainihin amfanin kwas ɗin yake, kuma bai kamata a raina shi ba. Mutumin da ya kai shekara talatin bai taɓa yi wa baƙuwa magana ba, a dare ɗaya ya gano cewa in an share shi ƙasa ba ta tsagewa. Gyare-gyaren da malami ke yi a wurin ma na gaske ne: murya, tsayuwa, kallon ido, kada a zo wa mutum ta baya, kada a tsaya kusa har a toshe masa hanya. Haka nan shawarar aski, tufafin da suka dace da jiki, takalmi mai tsafta, da warin baki da ba wanda ya taɓa gaya masa. Sai dai wannan ba sirrin kowa ba ne. Albert Ellis, wanda ya zama ɗaya daga cikin iyayen maganin damuwa ta hanyar gyara tunani, ya yi wa kansa wannan aikin yana ɗan shekara 19. Ya ɗora wa kansa cewa duk macen da ya gani zaune ita kaɗai a kan benci a lambun shuke-shuke na Bronx a New York, zai zauna ya yi mata magana. A wata ɗaya ya tunkari 130. Talatin suka tashi nan take, ya yi hira da ɗari, guda ɗaya ta yarda su sake haɗuwa, ita ma ba ta zo ba. Amma tsoron ya tafi. Ko sisi bai biya kowa ba. A lura da lissafinsa da kyau, domin shi ya faɗi adadin duka, har da waɗanda suka tashi.

Matsalar tana farawa ne daga haddar. Masu binciken tsoron shiga mutane, musamman David Clark da Adrian Wells a tsarin da suka fitar a 1995, sun nuna abubuwa biyu da ke raya wannan tsoro. Na farko, mutum ya mai da hankalinsa kan kansa, yana sa wa kansa ido: yaya muryata, ina zan sa hannuna, me zan ce gaba. Na biyu, dabarun kare kai, irin su shirya jimla a zuci kafin a furta. Dabarar kare kai tana kwantar da hankali na ɗan lokaci, amma tana hana mutum gano cewa ko babu ita ba abin da zai same shi. In hira ta yi daɗi sai ya ce haddar ce ta cece shi. To dubi abin da kwas ɗin ke ɗora masa: jimlolin da zai haddace, mataki tara da zai riƙa tantance wanda yake ciki, alamu uku da zai ƙirga, maki da zai bayar. An ɗauki cutar an ba shi a matsayin magani. Shi ya sa ɗalibi kan yi ƙoƙari a minti biyun farko, da haddar ta ƙare sai ya yi tsuru-tsuru, domin duk tsawon lokacin bai saurari abin da matar ke faɗa ba, yana jiran gurbin da zai jefa layi na gaba ne. Ita kuwa tana jin haka. Ba sai ta san sunan dabarar ba kafin ta gane cewa wanda ke gabanta ba da ita yake magana ba.

Ga mai son kwatance: hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin jinya a Ingila, a jagorar da ta fitar a 2013, ta ba da shawarar cewa mai fama da wannan tsoro ya yi zama har 14 da ƙwararre, kowanne minti 90, cikin kimanin wata huɗu. Babban aikin da ake yi a zaman shi ne koya masa ajiye dabarun kare kai ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da hankalinsa waje. Kwana uku ba ya yin aikin wata huɗu. Zafin da ɗalibi ke dawowa da shi ranar Lahadi na taro ne da rashin barci da malami a bayansa. Juma'ar da ke biye, shi kaɗai a ƙofar mashaya, ba mai tura shi.

Mabuɗan zancen kansu ba su da wani asiri. Tun 1986 Chris Kleinke da abokan aikinsa suka tattara kalaman da ake buɗe zance da su suka kasa su uku: na barkwanci da iya yi, na kai tsaye, da na yau da kullum marasa wata manufa a fili. Na iya yin ne suka zo ƙarshe, kuma mata sun fi maza ƙin su. Gaisuwa da tambaya mai sauƙi sun fi karɓuwa. Ga kuma matsalar kayan haya: bayan 2005 dubban maza suka fita da jimloli iri ɗaya, har ya zama a wasu gidajen rawa na Los Angeles mace kan ji tambaya ɗaya daga baki daban-daban a dare guda.

Neg kuwa ya fi kowace dabara lalacewa a hannun ɗalibi. Dalilin da ake bayarwa shi ne kyakkyawar mace ta gaji da yabo, don haka ɗan tsunguli zai sa ta ga kai daban ne. Tsokana tana aiki tsakanin mutanen da suka riga suka saki jiki da juna, kuma murmushi da murya ne ke ɗaukar nauyinta. Mutumin da gabansa ke faɗuwa ba shi da ko ɗaya. Abin da ke fita daga bakinsa cin fuska ne zalla daga baƙo. Jeffrey Hall da Melanie Canterberry na Jami'ar Kansas sun duba wannan salo a 2011, na tsokana da keɓe mace da nacewa, suka gano cewa ya fi karɓuwa wurin mutanen da, maza da mata, ke neman hulɗar dare ɗaya kuma suke da ra'ayin ƙasƙantar da mata. Wato dabarar ba ta juya zuciyar kowa, tacewa take yi. Wanda ya shiga kwas ɗin don neman abokiyar zama, kuma da yawa don haka suke shiga, an ba shi rariyar da ke zubar da irin wadda yake nema.

Ƙirga alamu ma haka. Hall ɗin dai ya haɗa maza da mata 52-52 da ba su san juna ba, suka yi hirar kimanin minti goma, sannan aka tambayi kowa ko abokin hirarsa ya nuna yana ciki. Inda babu komai, sama da kashi 80 cikin ɗari sun gane babu. Inda akwai kuwa, kashi 28 kacal suka gane. Tun 1982 binciken Antonia Abbey ya nuna cewa maza sun fi saurin fassara fara'ar mace da sha'awa. A kan wannan raunin ne kwas ɗin ke ɗora ƙa'idar cewa taɓa gashi da dariya izini ne na kai hannu. Mace na iya yin dariya don ta ji daɗi, tana iya yi don kunya, tana kuma iya yi don tana lissafin yadda za ta rabu da kai lafiya.

Batun zama "alfa", namijin da ke jan garke, wanda ba a lacca sai an ambace shi, daga kyarketai aka aro shi. Rudolf Schenkel ya yi nazarinsa a 1947 a kan kyarketan da aka tara a gidan namun daji na Basel, waɗanda ba dangin juna ba. David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa kalmar, shi da kansa ya dawo a 1999 ya ce a daji garken kyarkeci iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu, har ya nemi a daina buga littafin. Labarin bai kai ɗakin laccar ba har yau.

To me ya sa ake ganin kamar abin yana aiki? Saboda yadda ake ƙirga riba. A ce ɗalibi ya tare mata talatin a dare biyu, takwas suka ba da lamba. Ranar Lahadi za a tafa masa a kan takwas. Ba wanda zai bi ya ji cewa biyu ne suka amsa saƙo, ko ɗaya ba ta fito ba. Suna da suna ma ga wannan, zillewa, kuma akwai kwas na daban da ake sayarwa a kan yadda ake rubuta saƙon waya don magance ta. Gaskiyar ita ce ba da lamba hanya ce mafi sauƙi ta sallamar mai naci ba tare da rigima ba. Duk wanda ya tari mata da yawa dole wani lokaci ya dace da wadda ta ga ya yi mata, da hadda ko babu. Don a san ko dabarar ce ta yi aiki, sai an samu wasu maza da za su tari adadi ɗaya da gaisuwa kawai, a kwatanta. Kamfanonin ba sa fitar da irin wannan lissafi. Abin da suke fitarwa shi ne shaidar ɗalibai da aka ɗauka ranar Lahadi ana cikin ɗoki, da rahotannin fage da kowa ke rubuta wa kansa, inda shafa labari shuni ba laifi ba ne.

Bidiyon talla ma a kalle su da wannan idon. Ana ɗaukarsu da ɓoyayyiyar kyamara, sau da yawa matan ba su sani ba, a yanke duk inda aka sha ƙasa, a bar minti biyar mafi kyau daga ɗaukar kwanaki. Malaman kuma yawanci mutane ne da suke fita dare huɗu ko biyar a mako shekara da shekaru, sun san masu gadin ƙofa, sun san wurin. Reshen Landan na sana'ar, wanda ya fi ba da ƙarfi ga tare mata da rana a wurare irin titin Oxford, yana ƙarawa da makirufo da ake maƙala wa ɗalibi a riga, malami na nesa yana sauraro. Don gyaran murya yana da amfani. Matar da ake naɗar muryarta dai ba a tambaye ta ba. A 2019, bayan binciken BBC, YouTube ya rufe tashoshi biyu na irin waɗannan malamai.

Akwai kuma sashen da shi kaɗai ya isa a ce kada a saya. A matakan ƙarshe ana koyar da abin da suke kira turjiyar ƙarshe: an kai ɗaki, mace ta ce a'a ko ta ce a dakata. Koyarwar ita ce wannan a'a ɗin ba ta kai zuci ba, tsoron a ce mata mai arha ne kawai, kuma aikin namiji shi ne ya wuce ta. Hanyoyin sun haɗa da amsawa da baki cewa gaskiya ne a daina alhali hannu bai daina ba, ja da baya kaɗan a sake dawowa, da ɗauke wuta: a kunna fitila, a juya baya, a shiga duba waya, har rashin jin daɗi ya sa ta sauko. Wasu malaman sun daina faɗar haka a fili, suna sa masa sunan jagoranci ko juriya, amma ginshiƙin bai canza ba, wato ƙin mace matsala ce ta dabara. A haɗa wannan da giya, da keɓe ta daga ƙawayenta da aka yi tun farko da gangan, da gidan da ba ta sani ba. Dokar laifukan jima'i ta Ingila da Wales ta 2003, sashe na 74, ta ce yarda ita ce mutum ya amince bisa zaɓinsa, yana da 'yanci da hankalin yin zaɓin. Suwidin tun 2018 da Sifaniya tun 2022 sun kafa dokokinsu a kan cewa rashin yarda kaɗai ya isa, ba sai an nuna an yi amfani da ƙarfi ba. Ɗalibin da ya bi littafin sau da ƙafa yana tafiya ne a kan bakin wannan ramin, kuma malamin ba zai tsaya tare da shi a kotu ba.

Ba hasashe ba ne. A San Diego kotu ta ɗaure malamai biyu na wani kamfanin koyar da tsara mata da ɗalibinsu ɗaya a kan fyaɗen da aka yi wa wata mata a 2013 tana cikin maye. Matar da kanta ta binciko rahoton fage da aka wallafa a intanet ana alfahari da daren. A Nuwamban 2014 bidiyon Julien Blanc, malami a Real Social Dynamics, ya bazu, inda ake ganinsa yana cafkar kan mata a Tokyo. Ostireliya ta soke bizarsa yana tsakiyar rangadi, Birtaniya ta hana shi shiga bayan mutum fiye da 150,000 sun sa hannu a takardar koke, Singafo ma ta rufe masa ƙofa. A Glasgow an yanke wa wani mai wannan sana'a shekara biyu a 2019 kan tsoratar da mata a titi, kodayake kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2020. Faransa kuma a Agustan 2018 ta kafa dokar cin tara nan take a kan takura wa mata a titi, yuro 90 zuwa 750 a lokacin. Aikin gida na "tari mace ashirin yau, kada ka karɓi a'a ta farko" yana iya zama laifi, ya danganta da inda mutum yake tsaye.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da kwas ɗin ke yi wa wanda ya yi nasara a cikinsa. Rachel O'Neill, wadda ta yi nazarin wannan kasuwa a Landan ta wallafa a 2018, ta nuna yadda kusanci ke komawa aiki da ake auna ƙwarewa a kansa, mutum kullum yana ganin da saura. Ko littafin 2005 da ya tallata sana'ar ga duniya, da labarin babban gwanin, Mystery, cikin mummunan halin damuwa ana kai shi asibiti ya buɗe. Marubucin kansa, bayan shekara goma, ya ba da labarin shigarsa cibiyar jinyar jarabar jima'i.

Kasuwancin kuwa an gina shi ne a kan kada ɗalibi ya gama. In kwana ukun bai yi ba, ai matsalar daga ciki take, ga kwas na gyaran zuciya. In lamba ba ta amsawa, ga na saƙon waya. Sai horon mutum ɗaya da malami, sai zaman mako guda a gida ɗaya da malamai, kowanne ya fi na baya tsada. Babu wata hukuma da ke ba malaman lasisi. Da yawa tsofaffin ɗalibai ne da suka fara da taimakawa kyauta, kuma sanannen da ka gani a bidiyo ba lallai shi zai tsaya a bayanka ba. Sunan PUA ya yi baƙin jini, shi ya sa yanzu haja ɗaya ce ake sayarwa da sunan koyar da soyayya, ƙarfin zuciya ko gina kai. Jadawalin ne zai nuna maka ko ita ce.

Wanda duk da haka ya ƙudurta sai ya biya, akwai tambayoyin da ya kamata ya samu amsarsu a rubuce kafin ya tura ko dala ɗaya. Sunan malamin da zai fita da shi, da yawan ɗaliban da za su raba shi. Awa nawa ne a fage, ban da lacca. Me ake koyarwa in mace ta ce a'a. Duk amsar da ta wuce "ka yi sallama ka tafi" ta isa dalilin fasawa. Ana naɗar murya ko hoto, kuma ina ake kai su, domin takardar da ɗalibi ke sa wa hannu kan ba kamfani damar amfani da fuskarsa a talla. Sai sharaɗin mayar da kuɗi: a duba ko sai an halarci kwana ukun duka, ko sai an nema baki da baki a gaban malamin kafin a watse, lokacin da kunya da ɗokin taro ba za su bar mutum ya buɗe baki ba. Tallar ranar Lahadi kuma kada a sa mata hannu a wurin, komai ragin da aka ce na yau ne kaɗai. A Amurka, dokar FTC, hukumar kare masu saye, ta ba mai saye damar soke cinikin dala 130 ko fiye da aka ƙulla a wurin wucin gadi irin ɗakin otal, har zuwa tsakar daren ranar aiki ta uku, kuma wajibi ne mai sayarwa ya ba shi takardar sokewa a lokacin cinikin. Wannan damar ba ta shafi abin da aka saya ta intanet ko ta waya ba, kuma ta nan ake biyan kuɗin sansanin kansa.